Hutun Damina a Yamai: Yadda Mutumin Kamba Zai Kai Iyalinsa Bikin 3 ga Agusta

Babban birnin ƙasa mafi kusa da Kamba shi ne Yamai. Da ka tsallaka iyaka ka shiga Gaya, abin da ya rage maka bai wuce kilomita 300 ba, alhali Abuja ta fi ninki biyun haka, Kwatano kuma daga Malanbil sai ka ci fiye da kilomita 700 kafin ka hango teku. Duk da haka yawancinmu ba ma zuwa Yamai sai da dalili mai nauyi: sarin kaya, asibiti, ɗaurin aure, ta'aziyya. A sauka tasha, a yi abin da ya kawo mutum, a juyo. Yaranmu sun san Dutsen Zuma a jikin takardar naira ɗari, amma birnin da kakanninsu da kawunnansu ke zaune a ciki sai dai labari.

Idan mutum zai gyara wannan, lokacin da ya fi dacewa shi ne makon farko na Agusta. Makarantunmu suna dogon hutu daga ƙarshen Yuli har cikin Satumba, na Nijar ma a rufe suke, don haka yaran mai masauki suna gida. An gama noman fari da maimai, gero bai nuna ba, manomi zai iya satar mako guda. Zafin Yamai, wanda a watan Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, ya karye. Sannan ranar 3 ga wata ita ce ranar 'yancin kan Nijar.

Sai dai ka san irin bikin da za ka tarar tun kafin ka yi wa yara alkawari. A ranar 3 ga Agusta 1960 Diori Hamani ya shelanta 'yancin ƙasar daga Faransa, kwana biyu bayan Dahome, wato Binin ta yau, ta karɓi nata. Bayan babban farin da ya halaka dabbobi a farkon shekarun 1970, Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, kuma daga 1975 aka haɗa ranar 'yanci da ranar dashen itatuwa. Haka take har yau. Babban fareti, da wasanni, da ƙawata gari, an fi yin su ranar 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, wadda aka daɗe ana zagayawa da ita jiha-jiha. Mutanen Gaya ba su manta da wanda aka yi a Doso, wato Dosso Sogha na 2014, ba. Wanda ya je Yamai ranar 3 ga Agusta yana jiran hawan dawaki irin na sallah zai dawo yana cewa ba a yi komai ba. An yi, sai dai da shebur da bokiti aka yi. Bikin na wanda ya sa hannu ne, kuma a ganina wannan ne ya sa ya cancanci a kai yaro.

Kafin a tashi

Fara da mai masauki. Da wuya a sami gida a Kamba, ko Dole Kaina, ko Lolo, da ba shi da wani a Yamai, a Zongo ne, ko Boukoki, ko Wadata, ko Talladjé, ko can hayin kogi a Harobanda. Kira shi tun mako biyu kafin tafiya, ka faɗa masa ku nawa ne da kwana nawa za ku yi. Kada ka ce "muna nan tafe" kawai. Gidajen birni ƙanana ne, kuma da damina ba a shimfiɗa wa baƙo tabarma a tsakar gida. Ka tambaye shi halin hanya a makon, domin shi ne zai ji abin da rediyo bai faɗa ba. Ka kuma ɗaura masa tsaraba ta mutunci. Shinkafar gida da busasshen kifi ba su taɓa ba mutumin Kabi kunya ba.

Batun takardu ya canza daga yadda muka saba. An rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka buɗe a Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Sanayyar da ke shigar da kai kasuwar Gaya ba za ta wuce da kai shingayen da ke gaba da Doso ba. Ka riƙe fasfo mai rai, a buga maka hatimin fita da na shiga, ka riƙe katin allurar shawara, na kowa da kowa har jariri da ya isa yi. Yara su tafi da takardar haihuwa. Idan ɗan ƙaninka ne ko ɗan maƙwabci za ka ɗauka, ka karɓi rubutacciyar yarda daga mahaifinsa. Ƙa'idojin suna motsi, saboda haka kwana biyu kafin tafiya ka je tasha ka zauna da direbobin da suka dawo jiya, su gaya maka abin da ake tambaya yanzu.

Kuɗi kuwa ka canza su sefa tun a Kamba ko Gaya wurin ɗan canjin da ka sani, ka ƙirga a gabansa, ka nemi ƙananan takardu da tsaba, don mai taksi da mai ƙosai a Yamai kullum kukansu babu canji. Kada ka cusa duka a aljihun gaban riga. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana suna da rassa a Gaya da kusan kowace unguwa ta Yamai; kana iya aika wa mai masaukinka rabin guzurin, ka karɓa idan ka isa. Lissafin dala ba sai an koya wa babba ba, amma ka zaunar da yara ka bita musu: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jika guda sefa 1,000. Yaron da bai san wannan ba, mai gyaɗa za ta ce masa "dala goma", ya miƙa mata sefa 10, a yi ta yi masa dariya.

A jaka kada a manta gidan sauro, da laima, da takalmin roba. Watan marka ne.

Hanya

Ku tashi da asuba, ku yi tafiyar da rana, a babbar mota ta kamfani, irin su Rimbo ko STM, wadda ke da tikiti da lokacin tashi. Tsaro a yankin Doso da namu na iyaka ba kamar da ba ne, kuma babu abin da ke Yamai da ya isa a yi masa tafiyar dare. Mai son zuwa da motarsa ya san akwai takardun shigar da mota da inshora, ga kuma 'yan sandan birni da ba sa wasa da fitilar hanya. In ba dole ba, a bar ta gida. A shinge, a sauka idan an ce a sauka, a miƙa takarda da hannun dama, a yi gaisuwa, a yi shiru. Waya ta zauna a aljihu.

Ka ba yara wajen taga. Bayan Gaya za su ga dajin giginya na Dallol Mawri, wanda muruci da azarar da ke shigowa kasuwanninmu da yawa daga nan suke. Doso tana kusan tsakiyar tafiya, garin Zarmakoy, wato sarkinta, kuma fadarsa da aka gina a 1904 tana nan. Daga Doso zuwa Yamai kimanin kilomita 140 ne, kuma za a ga layin dogo yana bin gefen titi. An shimfiɗa shi tsakanin 2014 da 2016, jirgin fasinja bai taɓa zama a kansa ba. Bayan Birnin Gaure, wajen Kouré, kimanin kilomita 60 kafin Yamai, ka ce kowa ya buɗe ido. Nan ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke. A 1996 sun ragu zuwa wajen 50, aka tsare su har suka haura 600, kuma da damina sukan hau tudu kusa da titi, wani lokaci a hango wuyansu sama da sabara daga cikin mota. Hangen ya isa. A can ne aka kashe mutum takwas ranar 9 ga Agusta 2020, don haka shiga dajin ba abin da za ka yanke wa kanka ba ne.

Ka sa ranar isa ta zama 31 ga Yuli ko 1 ga Agusta, domin a huta, a gaisa da dangi, a ga gari kafin ranar. Ka kuma bar sararin kwana biyu a lissafin dawowa. A Agustan 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita daga Yamai na wasu kwanaki.

Gidan tarihi, da sauran gari

In wuri ɗaya kawai za ku je, to ku je gidan tarihin ƙasa na Boubou Hama, ku ba shi yini guda cur. An buɗe shi a 1959, yana kan gangaren da ke kallon kogi kusa da gadar Kennedy, kuma an sa masa sunan marubucin nan da ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974. Fili ne babba mai ɗakuna daban-daban a warwatse cikin itatuwa, da gidan namun daji, da rumfunan masu sana'ar hannu. Ku je da safe kafin hadari ya haɗu, kuma mai masauki ya tabbatar muku da lokacin buɗe ɗakunan, domin ana rufe su da tsakar rana.

Yara za su ja ka wajen zaki da kura da dorina. Bar su su ƙoshi, sannan ka kai su rumfar ƙasusuwa. Akwai ƙwarangwal ɗin wani kada da aka tono a Gadoufaoua, cikin hamadar Agadas, tsawonsa ya kai wajen mita goma, kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Ɗan masunci da ya san kada a kogi zai tsaya a gabansa ya rasa ta cewa. Kusa da shi akwai ƙasusuwan wasu manyan dabbobi da suka shuɗe, waɗanda masana suka ƙiyasta sun haura shekara miliyan ɗari, tun zamanin da wurin da yake rairayi a yau yake fadama da koguna. Daga nan sai itacen Tenere. Busasshen itacen ƙaya ne, an yi masa ɗaki nasa shi kaɗai, kuma in ba a ba ka labari ba za ka wuce shi ka ce makamashi ne. Shi ne ya tsaya tilo a tsakiyar hamada, babu wani itace a kewayensa tafiyar ɗaruruwan kilomita, ayarin gishiri na Bilma suna saiti da shi, saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. Aka kwaso gawarsa aka kawo Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Ka ba yara wannan labari a gabansa, ana jibi ko gobe za su dasa nasu.

Ɗakin tufafi ma a shiga, a ga rigunan sarauta da adon Hausa, Zabarmawa, Fulani, Buzaye da Barebari jere da juna. A rumfunan maƙera da dukawa ana aikin a gabanka: maƙerin farfaru yana zuba azurfa, baduku yana rinin fata. Ana ciniki, amma farashin farko na baƙi ne. Hausarka ko Dandancinka shi zai sauko da shi. Malami mai sha'awar tsofaffin littattafai ya tambayi cibiyar bincike ta IRSH, ba nisa daga nan, inda aka tara dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami.

Sauran wuraren ana iya haɗa su a yini ɗaya da taksi. Babban masallacin Juma'a da Libiya ta gina a shekarun 1970, in Juma'a ta faɗo cikin kwanakinku. Babbar kasuwa, wadda ta ƙone a 1982 aka sake buɗe ta a 1987. Kasuwar Katako, inda ake mayar da tsohon ƙarfe tukunya da murhu, ita ce ta fi burge ni, ko da yake da damina sai an tattare ƙafar wando. Taksin Yamai na haɗaka ne: ka tsaya bakin titi ka faɗi sunan unguwa, in hanyarsa ce ya tsaya, in ba ita ba ce ya wuce ba tare da ya ce uffan ba, kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Ka riƙa kwatance da kasuwa ko shataletale, domin an canza sunayen wasu tituna a 2024, titin De Gaulle ya koma Djibo Bakary, kuma ba kowane direba ne ya bi sabon suna ba.

Da la'asar a je bakin kogi. A wannan watan ruwan ja ne wur, saboda laka da kogunan Sirba, Dargol da Gorouol ke kwasowa daga wajen Burkina Faso. Ka nuna wa yara cewa ruwan nan da suke gani shi ne zai bi ta Gaya, ya wuce Dole Kaina da Lolo, ya nufi Yawuri. Gadar Kennedy ta 1970 ita ce ta fari, an ƙara ta biyu a 2011, ta uku a 2021, kuma a hayi ne jami'ar Abdou Moumouni take. Mu 'yan kogi ne, amma ba lokacin shiga kwalekwale da yara ba ne. Ambaliyar 2020 ta cinye gidaje da yawa a unguwannin hayi da Saga. Kuma kada a ɗaga waya a ɗauki hoton gada, ko barikin soja, ko fadar shugaban ƙasa, ko filin jirgi. Wannan ka faɗa wa samarin da ke tare da kai sau biyu.

Ranar kanta

Bikin yana farawa ne tun daren 2 ga wata, lokacin da shugaban ƙasa kan yi jawabi ta Télé Sahel da rediyon ƙasa. Ku zauna da mutanen gida ku saurara. Akan kawo fassararsa da Hausa da Zabarmanci. Taken ƙasar da za ka ji sabo ne, a 2023 aka sauya shi. Za a yi sharhi bayan jawabi, wani ya yaba, wani ya yi tsaki. Kai dai baƙo ne. Tsakanin gwamnatocin ƙasashenmu an sha ɗaci a 'yan shekarun nan, har da yanke wutar da ke zuwa Yamai ta layin Birnin Kabi a 2023, kuma akwai wanda zai so ya ji ta bakinka. "Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya" amsa ce da ta ishi kowa, sai a ci gaba da shan shayi.

Da safe ofisoshi da bankuna a rufe suke, tutoci masu ruwan goro da fari da kore sun cika shataletale. Babban taron hukuma wasu shekarun a Yamai ake yi, wasu shekarun shugaban ƙasa yakan tafi wata jiha, kuma a nan ake ba da kyaututtuka ga waɗanda suka yi fice wajen yaƙi da hamada. Ko a Yamai aka yi, ba na ba mai ƙananan yara shawarar kutsawa: a tsaya a rana, a sha bincike, a hango manya daga nesa. Abin da ya fi shi ne dashen unguwa. Makarantu, masallatai, asibitoci, ƙungiyoyin matasa da na mata duk sukan fita, ma'aikatan gandun daji suna kawo 'ya'yan itatuwa. Ka ce wa mai masaukinka tun ana gobe, "Yaya, ina za a yi dashe a unguwar nan gobe? Ina so yaran nan su sa hannu." Zai san wanda zai tambaya. In babu, ku sayi naku wurin masu renon itatuwa da ke jere a gefen titi da bakin kogi, ku dasa a gidansa, bayan ka nemi izininsa da na uwargida, don ita ce za ta zauna da shi.

Zaɓin itacen ya danganta da wurin. Cikin gida, mangwaro ko gwaiba ko lemu, ko zogale in filin kaɗan ne. Ƙofar gida, dogon yaro, amma a nisanta shi da katanga da shadda, saiwarsa ba ta da kunya. A haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, a ware ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A cuɗa ta saman da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba, a barbaɗa toka saboda gara, a fara zuba ta a gindin ramin. Sai a kwantar da ɗan itacen a yanke gindin ledar da reza, a datse saiwar da ta nannaɗe a ƙasa, a tsaga ledar ta gefe a zare ta a hankali yadda dunƙulen ƙasar ba zai fashe ba. Nan ne yara suke ɓata aiki, suna fizgo itacen ta wuya kamar mai cire albasa; ka riƙe hannun ƙaramin ku yi tare. A zaunar da shi yadda wuyansa zai yi daidai da bakin rami, kada a binne shi fiye da inda ƙasar leda ta tsaya. A mayar da ƙasa, a danna da diddige, a yi masa ɗan kwari a kewaye don ruwa ya kwanta, a zuba bokiti guda ko da an yi ruwa da asuba.

Ba a gama ba sai an yi shinge. Abin da ke kashe dashen 3 ga Agusta abu biyu ne, akuya da rani. Kowa a Yamai zai gaya maka cewa da duk abin da aka dasa tun 1975 ya rayu, da birnin ya zama kurmi. Zoben itatuwan da aka fara kewaye garin da shi tun 1965 ma gine-gine sun ci da yawa daga cikinsa. Saboda haka a kewaye shi da tubali, ko ƙaya, ko tsohuwar ganga da aka fasa gindinta, a yau ɗin nan, kada a bari sai gobe. Sannan a damƙa shi hannun yaro guda na gidan, a gaban kowa, a kira sunansa: "Auta, wannan naka ne da ɗan'uwanka. Daga an ɗauke ruwa, bokiti guda duk bayan kwana biyu har wata damina." Ruwan alwala da na wanke shinkafa sun isa. Kai kuma duk lokacin da ka kira gaisuwa, ka tambayi itacen.

Da yamma a yi kwalliya a fita. Akan yi wasannin gargajiya da kaɗe-kaɗe a wurare irin su cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, akan buga ƙwallo a unguwanni. Rediyo zai faɗi abin da aka shirya a shekarar. A ci dambu da zogale, a nemi gasasshen giwan ruwa, a dawo gida kafin dare ya yi nisa.

Sayayyar tsaraba a bar ta sai ana gobe tafiya. Kilishin Yamai ya yi suna da gaskiya, amma da marka yana saurin yin laushi. Ka sayi wanda aka gasa a gabanka, a naɗe shi a takarda, kada a ƙulle shi a leda, in kun isa gida a sake nuna masa wuta. Cukun Buzaye da dabino ba sa ba da wahala. Atamfa da turare a saya daidai na gida, domin abin da ya yi kama da kayan sayarwa sai ka yi bayani a kwastan ta ɓangare biyu. Tikitin komawa a yanke shi kwana guda kafin ranar, a zaɓi motar farko ta asuba, yadda za ku tsallaka iyaka da sauran rana, kafin ma'aikatan hatimi su tashi.